Man idon tetirasaikilin ga zakara mai ciwon ido da sakin wuya: inda yake aiki da inda ba ya kaiwa

Duk wanda ya shiga shagon maganin dabbobi a ƙauyukan Kano ko Jigawa ya ce, "Malam, zakarana ne ido ya rufe, ga wuya kuma ya sake," abu uku ake yawan ɗoro masa a kan kanta: ɗan bututun man ido na tetirasaikilin, ledar garin maganin da ake kaɗawa a ruwan sha, da ledar bitamin. Wani mai shagon ma sai ya ƙara da kafso ja da yalo guda biyu. A cikinsu duka man idon ne ya fi cin kuɗinsa, kuma shi aka fi yi wa amfani ba bisa ƙa'ida ba. A ganina ya cancanci a saya a ajiye a duk gidan da ake kiwon kaji, amma da sharaɗin a san cewa aikinsa a ido ya tsaya. Ba shi da abin da zai yi wa wuya.

Bututun ƙarami ne, yawanci giram 3.5 ko 5, bakinsa siriri, man cikinsa rawaya-rawaya. A jikin kwalin za ka ga an rubuta Tetracycline 1%, shi ne dai wanda kemis ke sayar wa mutane. Akwai kuma Terramycin, wanda ke ɗauke da oksitetirasaikilin haɗe da wani maganin ƙwayoyin cuta na biyu. Ya fi tsada, kuma ga yawancin ciwon idon kajin gida na farkon ya wadatar. Bututu ɗaya zai kai zakara ɗaya har ƙarshen jinya, ya yi saura. Dalilin da ya sa mai ya fi maganin ɗigawa shi ne kaza tana da wata siririyar fata ta uku a cikin ido da take share ƙwayar idon da ita a kai a kai. Ruwan magani ba ya jimawa ta wanke shi, shi kuwa mai yana liƙewa ya daɗe, shi ya sa sau 3 a rana ya isa.

Kafin ka biya, juya kwalin ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Shagon da ke da rufin kwano, a zafin Afrilu da Mayu, yakan narkar da man. In ka matsa ka ga ruwan mai ne ya fara fitowa shi kaɗai, ko launin ya koma ruwan ƙasa, mayar masa da abinsa. Sannan ka karanta abin da aka haɗa a ciki. In ka ga Dexamethasone, Betamethasone ko Hydrocortisone, bar shi. Waɗannan suna saurin sauke kumburi, har mutum ya ɗauka an dace, amma idan akwai ƙarzuwa a kan ƙwayar ido, abin da ba a rasa shi ga zakaran da ya yi faɗa ko yake sosa ido da farce, suna hana ciwon warkewa, har idon ya iya hujewa. Shi ma Chloramphenicol ba a son sa ga dabbar da za a ci, ƙasashe da yawa sun haramta shi a kan haka saboda illar da yake iya yi wa ɓargon ɗan Adam.

Yawancin masu cewa man bai yi musu aiki ba, a kan datti suka shafa shi. Wankin ido shi ne rabin maganin. Ka tafasa rabin lita na ruwa, wato ledar fiya wata mai 50cl, ka zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, kar ya yi tozo, ka bari ya huce ya koma ɗumi-ɗumi. Wannan adadin ya yi kusan daidai da gishirin da ke cikin hawaye, ba ya yin zafi. Kullum a haɗa sabo. Ka naɗe zakaran da tsohon zani, fukafukai a rufe, ƙafafu a ciki, kai kawai a waje, wani ya riƙe maka shi a cinya. In fatar idon ta manne da kwantsa, kar ka ja ta da ƙarfi. Ɗora audugar da ka jiƙa a kai minti 2 zuwa 3, za ta saki da kanta. Sai ka goge daga ɓangaren baki zuwa ɓangaren kunne. Kowane ido da audugarsa, kar a mayar da wadda aka goga cikin ruwan.

Idan idon ya buɗe, duba ciki da kyau, domin a nan aikin yake. Mugunyar kaza ba ta zama ruwa ta tsiyaye irin ta akuya ko ta mutum. Daskarewa take yi ta zama dunƙule fari ko rawaya mai tauri kamar awara, ta zauna a ƙarƙashin fatar ido ta danne ƙwayar. Muddin tana nan, ko bututu goma ka ƙarar, man ba zai taɓa inda ciwon yake ba. Bayan ka jiƙa wurin, sa babban yatsa a ƙasan kumburin ka tura a hankali zuwa wajen buɗin idon. Sau da yawa za ta zamo gaba ɗaya, wani lokaci sai an kwana biyu ana cire ta kaɗan-kaɗan. Mutane da dama sukan ɗauka idon ne ya mutu ya yi fari, sai an cire dunƙulen a tarar da ƙwayar lafiya lau a bayansa. Amma in kumburin a kunci yake, tsakanin ido da baki, ya yi tauri kuma ba ya motsawa, to mugunyar a cikin kogon hanci take. Wannan sai an tsaga an kwashe, kuma aikin likitan dabbobi ne. Kar a sa reza a gida, jini yana da yawa a wurin.

Sai shafa man. Ita kaza fatar ƙasa ce take ɗagowa ta rufe ido, don haka ita za ka ja ƙasa kaɗan ta yi ɗan aljihu, ka matsa man tsawon ƙwayar shinkafa a ciki, ba tare da bakin bututun ya taɓa idon ba. Ka haɗa fatun biyu na ɗan lokaci man ya bazu. Bayan asuba, da azahar, da bayan isha'i, kwana 5 zuwa 7, kuma a ƙara kwana 2 bayan idon ya washe. Wanda ya daina a rana ta uku don ya ga sauƙi, ciwon zai dawo masa. A wanke hannu da sabulu bayan an gama, musamman yaran da ke taya riƙo, domin ƙwayar cutar Niyukasil, wata annobar kaji, tana iya sa wa mutum jan ido.

Inda man ya fi nuna kansa shi ne idon da ƙurar hunturu ta shiga, ko wanda wani zakara ya sara, ko wanda warin kashi ya ƙone a akurkin da ba a sharewa kuma ba iska. A irin waɗannan, kafin kwana 3 za ka ga kumburi ya sauka, zakara ya fara buɗe ido yana bin tsaki. In kwana 3 sun cika ba canji, asalin ciwon ba a idon yake ba.

Ka sunkuya ka shinshina fuskarsa. In akwai ɗoyi, fuska ta kumbura, majina ta toshe hanci har dusa na manne mata, wannan murar kaji ce mai kumbura fuska, ta ƙwayar bakteriya, kuma tana bin garke da sauri. In kumfa ce a gefen ido da atishawa da ƙarar numfashi da dare, an fi zaton maikofilasma, wata ƙwayar cuta mai kama hanyar numfashi. Su biyun man idon taimako kawai yake yi, sai an haɗa da maganin sha. Ga maikofilasma maganin tailosin ne aka fi amfani da shi, rabin giram na tsantsar maganin a lita ɗaya ta ruwa, kwana 3 zuwa 5, sai dai a duba ƙarfin wanda aka saya a jikin leda domin ba duka ba ne tsantsa. Kazar da ta warke daga waɗannan biyun takan ci gaba da ɗauke da ƙwayar tana raba wa sauran. In kuwa ƙuraje ne baƙaƙe masu ɓawo a zanko da leɓatu da gefen ido, ƙyandar kaji ce, wadda sauro ke yaɗawa, shi ya sa ta fi yawa da damina da kaka. Babu maganin da ke kashe ta, takan yi mako 2 zuwa 4 ta wuce. A nan man yana da amfani sosai, yana tausasa ɓawon da ya rufe ido ya kuma hana wata cutar hawa kai. Kar a ɓamɓare ƙurajen.

Akwai wanda ake yawan mantawa da shi. Da rani, in ciyawa ta ƙone, zakaran da farar dawa da dusa kaɗai yake ci yakan rasa bitamin A, idonsa ya tara farin dunƙule marar wari. Wannan ganyen zogale, jar masara da ɗan manja yake buƙata fiye da kowane magani. Idan kuma baƙin idon ya motse ya karkace, kewayensa ya yi toka-toka, ga ƙafa ɗaya a miƙe gaba ɗaya baya, cutar Marek ce, ba ta da magani, kar a ɓata kuɗi.

To, wuya fa? Tambayar da ya kamata mai shago ya yi, kuma ba kasafai yake yi ba, ita ce: wuyan murɗewa ya yi ko sakewa? Ba abu ɗaya ba ne.

Wuyan da ya murɗe, kai ya juye yana kallon sama ko ya shige tsakanin ƙafafu, zakara yana zagaye ko yana ja da baya, in aka haɗa da koren zawo da buɗe baki wajen numfashi, kuma kajin maƙwabta sun fara zubewa a makon, to Niyukasil ce, annobar nan da ke share kaji da zarar sanyin hunturu ya shigo. Ƙwayar bairos ce, babu man ido ko gari ko kafso da ke taɓa ta. Wanda ya kai matakin murɗewar wuya wani lokaci yakan rayu in an kula da ci da shansa, amma sau da yawa wuyan ba ya komawa daidai, kuma yana zubar da ƙwayar a kashinsa. Duk mai shagon da ya ce maka yana da maganinta, kuɗinka yake so.

Wuyan da ya sake kuwa, ya kwanta a ƙasa ba ƙarfi, in ka ɗaga ka saki ya faɗi, fatar ido ta sauko, gashin wuya yana tsigewa da an ɗan ja, wannan guba ce da ake kira botulizim. Ƙwayar da ke haifar da ita tana tsira a cikin mushe da ruɓaɓɓen abu, gubar kuma tana taruwa a jikin tsutsar da ke cin mushen. Zakaran da ya tona juji inda aka yar da mataccen ɓera ko kaza, ya ci tsutsa kaɗan, ya isa. Lura da kyau, idon irin wannan zakara ba ciwo yake yi ba, fatar ce ta shanye, don haka man ba shi da aiki sai hana idon bushewa. Maganin ƙwayoyin cuta ba ya karya gubar. Ruwa da jinya ne kawai, kuma wanda ya wuce kwana 2 yana numfashi daidai sau da yawa yakan tashi. A nemo mushen a binne shi da zurfi kafin sauran kajin su kai gare shi.

Na uku shi ne wanda magani ke iya ceta. In kan ya karkata gefe ɗaya, kuma gefen da idon ya kumbura ne, buɗe ɗan gashin da ke bayan ido ka duba ramin kunne. Ciwon da ya fara a hanci ko maƙogwaro yakan bi ya shiga cikin kunne, ya ɓata wa zakara daidaiton tsayuwa. Kwalarar kaji in ta daɗe tana yin haka, har da kumburin leɓatu. A nan maganin sha ko allurar da likita zai rubuta na da amfani. Sara a ka wajen faɗa shi ma yana kawo ido da wuya tare, haka ƙarancin bitamin B1 da E, ko da yake wannan ya fi kama 'yan tsaki da matasan kaji.

Wani abu guda ba a jinyarsa a gida. In kaji suna mutuwa farat ɗaya, da yawa a rana guda, zanko ya yi shuɗi-baƙi, ƙwauri ya yi jajaje kamar jini ya kwanta, a yi zaton murar tsuntsaye. Ta shigo Najeriya a 2006, Kaduna da Kano na cikin jihohin farko da ta kama, ta kuma sake ɓulla a Kano a 2015. Kar a taɓa da hannu tsirara, kar a yanka, a sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ko malamin gona na KNARDA ko JARDA, hukumomin raya aikin gona na Kano da Jigawa.

Mu koma kan ledar garin maganin. Ba zan ce ba ta da amfani ba, amma tana da aibi babba ga irin wannan majinyaci. An auna ta ne bisa cewa kaza za ta sha ruwanta na yini, wajen mililita 200 zuwa 250, fiye da haka a lokacin zafi. Zakaran da ba ya gani kuma ba ya iya ɗaga wuya, ina zai sha wannan? Sai a kaɗa magani a ajiye masa a gaba, a dawo da yamma a tarar da ruwan yadda aka bar shi, a ce magani jabu ne. Dole a ba shi a baki. Sannan da yawa daga ledojin nan haɗin gambiza ne, magani uku ko huɗu kowanne kaɗan-kaɗan da ɗan bitamin. Gara mai magani ɗaya da aka san adadinsa. In oksitetirasaikilin ne, kar a haɗa shi da kanwa ko nono ko madara, kar kuma a zuba a gwangwani mai tsatsa, domin suna ɗaure shi hanji ya kasa ɗauka. Rana ma tana lalata shi, a haɗa sabo kullum a ajiye a inuwa. Shi kuwa ja da yalo, na mutane ne, ba wanda ke auna shi in an fasa a ruwa, masu barbaɗa garinsa a cikin ido kuma ƙona idon suke yi. Haka barkono, toka da kananzir. A raba ido da su.

Ledar bitamin ta cancanci saye, in dai an ga A, E da B1 a jerin abin da ke ciki. A ba shi kwana 5 zuwa 7 bisa awon da aka rubuta.

Abin da ke raya zakaran a zahiri bai kai kuɗin ko ɗaya daga cikinsu ba: sirinji mai mililita 5 da aka cire wa allura. Zakaran gida mai nauyin kilo ɗaya da rabi yana buƙatar aƙalla mililita 75 na ruwa a rana don kar ya bushe. Ka raba shi, mililita 10 zuwa 15 a zama ɗaya, sau 6 zuwa 8, har a cika adadin. In yana zawo, yi masa ruwan gishiri da sukari: sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin cokali, a lita ɗaya. Wajen bayarwa ne ake kashe kaji da yawa. Buɗe bakinsa ka duba, a gindin harshe, tsakiya, akwai ɗan rami mai buɗewa da rufewa. Hanyar numfashi ce. Ruwa ya shiga nan, an gama. Don haka ka riƙe kan a miƙe yadda yake tsayawa da lafiyarsa, kar ka ɗaga bakin sama, ka sa bakin sirinjin a gefe, ka saki rabin mililita, ka jira ya haɗiye kafin ka ƙara. In ya yi tari ko ka ji kurkur a maƙogwaro, tsaya. In ba ya haɗiya kwata-kwata, kar a matsa masa.

Abinci kuma a dama dusa ko garin jar masara da gwaiduwar dafaffen ƙwai, da garin zogale da rabin ƙaramin cokali na manja, a mulmula girman wake, a tura masa ɗaya-ɗaya ta gefen baki. Kowace safiya, kafin a ba shi komai, a taɓa jakar abincin da ke gindin wuyansa ta dama. Ya kamata ta kwana ta sauka. In tana nan cike da na jiya, hanji ya tsaya, a dakata da abinci a ci gaba da ruwa kaɗan-kaɗan.

A ware shi nesa da akurki, a kwali ko kwando mai shimfiɗar buhu ko ɓuntun shinkafa, kuma a riƙa zuwa wurinsa bayan an gama da masu lafiya. A naɗa gammo da tsumma a ɗora masa wuya a kai, don kan ya ɗaga daga ƙasa, hanci kar ya nutse a shimfiɗa. Kar a bar masa kwanon ruwa a ciki. Zakaran da wuyansa ya sake yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba. Da hunturu a shigar da shi ɗaki da dare a rufa kwalin da zani, da bazara a nema masa inuwa mai iska. In ba ya iya juyawa da kansa, a sauya masa gefen kwanciya sau 3 ko 4 a rana.

An saba in an ga kaza za ta tafi a yi maza a sa mata wuƙa kar ta zama mushe. Wanda ake zaton guba ko murar tsuntsaye ta kama ba a cin sa. Wanda ke kan magani kuma akwai kwanakin jira da aka rubuta a jikin leda kafin a ci namansa, a cika su. Zakaran da ya kwana 3 ba ya haɗiya, numfashi na ƙara nauyi, gara a hutar da shi a binne da zurfin da kare ba zai tono ba. Kai shi kasuwa a karya farashi kuwa, raba annoba ne ga gidajen mutane. Haka in an sayo sabon zakara daga Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis, ya yi mako 2 shi kaɗai kafin ya shiga cikin na gida.

Abin da ya fi komai daraja a shagon, sai ka tambaya ake ɗauko maka shi: rigakafin Niyukasil. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin irin da ake kira Lasota, tana kuma yin wani mai suna I-2, wanda ya fi jure zafi kuma aka yi shi musamman don kajin ƙauye. Ɗigo ɗaya ne a ido ga kowace kaza, babba da ƙarama, a maimaita duk wata 4, kuma a tabbata an yi zagaye ɗaya a watan Oktoba kafin sanyi ya shigo, domin kariyar sai bayan mako 1 zuwa 2 take kamawa. Ba a yi wa marar lafiya, ba ya warkarwa. Ka lura da inda mai shagon zai ɗauko kwalbar: in daga firjin da ke aiki ne, madalla, in Lasota ce ya zaro daga durowa, ta riga ta mutu. Shi ma I-2 juriyarsa tana da iyaka, a naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma a kwando a hanyar gida, kar a sa shi a aljihu ko a rana. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida guda, don haka matan unguwa su haɗa kuɗi, a kama kajin tun da dare, a ɗiga musu da sassafe kafin a sake su, a gama da abin da aka haɗa a ranar.